Ranar da Nohemí Ta Ɓata

"Na faɗa miki sau ɗaya, na faɗa sau biyu, wannan ne na ƙarshe. Floridalma, ba zan aura miki Baturen nan ba."

Papá ke nan, Don Eulalio Xol, dattijon ikilisiyarmu, yana magana ko ɗago kai bai yi daga kwanon wakensa ba. Ni kuma ina durƙushe gaban murhu ina juya tortiya, wainar masararmu, a kasko, hawaye na ɗiga a zanina.

"Papá, me Tobías ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba. Yana da ladabi, yana tsoron Allah. Amma baƙo ne. Irinsa nawa suka zo mishan ɗin nan? Su yi shekara biyu suna koya wa yara waƙa, ranar tafiya su yi kuka, shi ke nan. In ya ɗauke ki ya kai Kanada, ranar da uwarki ta kwanta ciwo wa zai ɗaga ta?"

"Ya ce a nan zai zauna."

"Ya ce!" Papá ya ture kwanon. "Wilmer ba cewa yake yi ba. Sau biyu iyayensa suna shigowa gidan nan neman aurenki da kwandunan burodi da cakulan, sau biyu ina sunkuyar da kai ina ce musu su ƙara haƙuri. Yaro ɗan gari, motocinsa biyu, a benci ɗaya muke sujada. Shekararki ashirin da shida, ba zan ɗaure ki in kai masa ba. Amma albarkata wuri ɗaya za ta bi."

Mamá ta tashi. Ta miƙo min mayafina.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Tzunul. Duk Alhamis iyaye mata kan kawo mana yara mishan su wuce cin kasuwa, mu koya musu waƙa da labaran Littafi Mai Tsarki, mu ba su kunun masara da madara. Ni da Tobías Rempel muke riƙe da ajin. Shekara biyu ke nan da ya baro gonar iyayensa ya zo aikin sa kai, mutanen gari na kiransa Canche saboda jan gashinsa.

Na tarar da shi tsugunne yana ɗaure wa wata yarinya igiyar takalmi, yara sun yanyame shi. Yana ganina murmushinsa ya ɗauke.

"Kin yi kuka."

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙin gidanku bai san tashi ba sai ranar da Don Eulalio ya yi maganata."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta zuwa. Na juya baya don kada yara su gani.

"Flori, saurara," ya ce a hankali. "Ran Lahadi bayan sujada zan je in same shi. In ya kore ni, in koma wata Lahadin."

"Ba ka san Papá ba."

"Shi ma bai san ni ba. Taurin kan gidanmu har shanunmu sun san da shi."

Yara hamsin da takwas na ƙirga da safe. Muka yi waƙa, muka yi labarin Zakka da ya hau itace, muka raba kunu. Tobías ya ɗau hotunansu kamar yadda ya saba, don ikilisiyoyin ƙasarsu da ke aiko mana da kuɗin madara. Ƙarfe sha ɗaya ya shiga motar mishan ya tafi birni ɗauko madara da maganin tsutsar ciki. Fasto da matarsa sun tafi taro babban birni tun Litinin, sai aka bar ni ni kaɗai da yaran. Sha biyu na sallame su.

Ina cikin wanke kofuna Doña Tomasa, mai sayar da tumatir, ta leƙo, ta kira ni Seño, wato malama.

"Seño Flori, Nohemí tana nan?"

"Ai na sallame su tun ɗazu, Doña Tomasa."

"Ba ta zo rumfata ba. Ba ta gida. Ba ta wurin kakarta."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Nohemí shekararta biyar, ita kaɗai Allah ya bar wa matar nan bayan uku da ta binne.

Muka duba ƙarƙashin bencina, muka duba bayan gida, muka leƙa tankin ruwa ina addu'a a zuciyata. Muka shiga kasuwa muna kiran sunanta. Kafin rabin awa mata sun bar rumfunansu, maza sun fito da adduna suna saran ciyawar bakin rafi.

Ban san bakin da ya fara furta maganar ba. Na dai ji ta tana yawo a bayana.

"Ina Canche?"

"Ya fita da mota tun kafin a tashi yara."

"Ai dama hotunan nan da yake ɗauka, can yake aikawa masu sayen yara su zaɓa."

Na waiga ina neman mai maganar. Kowa a Tzunul ya san abin da aka yi wa wani baƙo mai sayar da tukwane a ƙauyen bayan dutse, da irin wannan magana ta tashi. Ba a samu abin da za a sa a akwatin gawa ba.

Sai ga Wilmer Caal ya ratso mutane, hularsa a hannu, fuskarsa kamar mai jimami.

"'Yan'uwa, ban so in yi magana ba. Amma ina bakin gada ya wuce ni. Na ga kamar kan yaro a kujerar baya."

Doña Tomasa ta ƙwalla ƙara ta zube ƙasa. Ta rarrafo ta riƙe ƙafata.

"Seño, ke ce malamarta. Ki rantse min kin gan ta bayan ya tafi. Ki rantse kawai, in yarda."

Na buɗe baki. Na tuna Nohemí riƙe da kofinta shuɗi lokacin rabon kunu, amma a lokacin Tobías yana nan. Bayan nan fa? Yara hamsin da takwas, ni kaɗai. Na nemi fuskarta a cikin kaina, na rasa.

Shirun da na yi bai fi na numfashi uku ba. Ya ishe su.

"Na gan ta!" na yi ihu. "Tana nan, na gan ta!"

"Ƙarya take, saurayinta take karewa!"

Aka fara kaɗa ƙararrawar ɗakin taron gari. Wani hannu ya damƙi damtsena, na waiga na ga Papá. Bai sake ni ba sai da ya kai ni gida ya tura ni ciki, ya dubi Mamá.

"Candelaria, sa sakata. Kada ta fita." Ya ɗau Littafinsa ya koma.

Na ciro waya na kira Tobías. Ba ta shiga. Daga birni har gada babu sabis, kuma hanya ɗaya ce tak take shigowa Tzunul. Na sake kira, na sake, har yatsuna suka kasa danna lambar.

"Mamá, buɗe min."

"Ba zan buɗe ba."

"Kashe shi za su yi! Yana tahowa da madarar 'ya'yansu, bai san komai ba!"

Mamá ta jingina da ƙofar tana kuka. "Mija, 'yata, in kika tsaya kusa da shi har ke za su haɗa. Kin san mutanenmu in idonsu ya rufe. Ni ke kaɗai gare ni mace. Ki bar shi ga Allah."

"Ke kin yarda ya saci yarinya?"

"Ban yarda ba. Yaron da ya goya ni har asibiti da na karye? Ban yarda ba ko kaɗan."

"To ki buɗe."

"Ba don na ƙi shi nake hana ki ba, don ina son ki ne. Ki ce min muguwa, ki daina yi min magana, amma ki kasance da rai."

Na durƙusa na rungume gwiwoyinta. "Mamá, in ya mutu ina cikin ɗakin nan, ran da kike tsare min ba zai amfane ki da komai ba. Shiruna ne ya ja masa. Ni ce ban ƙirga su ba da za su tafi. Ni ce."

Aka ƙwanƙwasa tagar baya. Wilmer ne.

"Doña Candelaria, gafara. Magana ɗaya zan yi da ita."

Na je bakin tagar kamar zan fasa ta. "Wilmer, ka ji tsoron Allah. Me ka gani a motar nan?"

"Na ce kamar kan yaro. Kamar na ce." Ya gyara hularsa. "Yana iya zama buhu ne. Ido yana ruɗi, Flori."

"To je ka faɗa musu!"

"In je in ce na yi kuskure, a gaban gari duka, su zage ni, wataƙila su farfasa min motoci? Saboda wa? Saboda mutumin da ya sa iyayena suka fita daga gidan nan sau biyu da kunya?" Ya matso. "Amma saboda matar da zan aura, zan iya."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ki yi tunani. Rabin mazan da ke filin can a motata suke kai kofin da suka noma birni. In na ce su dakata, za su dakata."

Bai rufe baki ba muka ji ihun ya canja. Daga wajen gada ya taso, ya cika gari.

"An kama shi! An kama shi!"

Ban san lokacin da na ture Mamá na zare sakatar ba. Na fita ba takalmi.

A filin ƙwallon kwando da ke gaban ɗakin taro suka kai shi. Sun ɗaure shi a jikin ƙarfen kwandon, hannuwa ta baya. Gira ɗaya ta fashe, jini ya rufe masa ido. Motar mishan na gefe, gilasanta a farfashe, garin madara ya watsu a ƙasa mutane na takawa.

Sai warin fetur ya doki hancina. Rigarsa a jiƙe take sharkaf.

"Ina ka kai ta? Nawa suka ba ka?"

"Ban ɗauke ta ba," yake cewa. "Don Allah ku bar ni a ɗaure, amma ku je ku ci gaba da nemanta. Ku duba rafi. Lokaci yana wucewa."

Wani ya kai masa mari.

Papá na tsaye a gabansa, ya ɗaga Littafi sama. Mutumin da ya ƙi shi da safe, shi ne ya tare.

"'Yan'uwa! Chepe, ni na yi maka baftisma! Lencho, ajiye jarkar nan! Jinin marar laifi ba ya wankuwa, ku bari hukuma ta zo!"

"Hukuma ta sake shi gobe? Matsa, tsoho!"

Aka fisge shi gefe, hularsa ta faɗi. Na kutsa na faɗa jikin Tobías na rungume shi, fetur ya jiƙa min gaban riga.

"Flori, a'a," ya ce. "Koma gida. Don girman Allah koma gida."

"Ba inda za ni."

"Kada ki kalla. Abin da nake roƙo ke nan, kada ki kalla."

Mata biyu suka ɓamɓare ni daga jikinsa ina shure-shure. Na ga Chepe, ƙanen Doña Tomasa, ya zaro ashana daga aljihu. Garin buɗe kwalin ƙwayoyin suka zube, ya sunkuya yana tsinta.

Wata murya ta ce a kunnena, "Lokaci fa na tafiya."

Na waiga. Wilmer.

"Na yarda," na ce. "Na yarda, je ka!"

"Ba ni za ki faɗa wa ba. Ga mahaifinki can. Ki faɗa kowa ya ji."

Chepe ya miƙe da ƙwayar ashana ɗaya a hannu.

"Papá!" Ban taɓa sanin muryata na da ƙarfi haka ba. "Papá, na yarda da Wilmer! Ka karɓi kayansu, na ba da kalmata a gaban Allah da gaban gari! Babu komai tsakanina da Canche!"

Kowa ya waigo, don ba abin da suke jira ke nan ba. Papá ya dube ni baki buɗe. Ban iya duban Tobías ba.

Wilmer ya yi tsalle ya hau bayan a-kori-kurarsa.

"Chepe, dakata! Ku saurare ni! Ni na ce na gani, kuma yanzu da na ga buhunan nan, zuciyata ta raba biyu. In kun ƙone shi, wa zai faɗa mana inda yarinya take? Ku ba ni awa ɗaya. Lencho, ɗau mutum goma ku bi rafi. Ku kuma ku bi gonakin kofi. Ni zan duba rumbunan bayan gari. In awa ta cika ba mu same ta ba, ni da kaina zan ƙyasta."

Aka yi ta gunaguni, amma suka tafi. Chepe ya zauna a kan jarkar, ashanar na hannunsa, idonsa a kan agogon ɗakin taro.

Ban taɓa ganin rana mai tsawon wannan ba. Na zauna a siminti mai zafi, Mamá da ta biyo ni ta rufa min mayafi a kan rigata mai warin fetur. Papá ya roƙa aka bar shi ya ba Tobías ruwa. Na ji yana ce masa, "Yi haƙuri, ɗana." Tobías kuwa leɓunansa kawai ke motsi yana addu'a.

Minti goma. Ashirin. Duk wanda ya ɗaga murya sai in dubi hannun Chepe. Wani ya kunna sigari can nesa, na kusa suma.

Ana minti talatin da biyar wata mata ta yi guɗa daga bakin kasuwa.

Ga Wilmer tafe, Nohemí a kafaɗarsa, lafiyarta ƙalau, tana ƙifta ido tana kallon taron.

"A rumbun masarar Don Chilo na same ta," ya ce da ƙarfi. "Tana ta barcinta a kan ɓawo."

Doña Tomasa ta fisge ta ta ƙanƙame, tana kuka tana dariya tana shafa ta tun daga kai har ƙafa. Mata suka ɓarke da waƙar yabo. Maza suka rufe Wilmer suna dukan kafaɗarsa. Chepe ya dubi ashanar hannunsa, ya yar, ya rufe fuska.

Papá ne ya yanke igiyar. Tobías ya zame ya zauna a gindin ƙarfen. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Na rarrafa na isa gabansa.

"Na ji abin da kika ce," ya faɗa.

"Tobías..."

"Na san dalili. Ba sai kin yi bayani ba." Ya share jinin idonsa da bayan hannu. "Amma maganar da aka yi da ashana a kan mutum ba alkawari ba ce, Flori. Ki janye."

"A gaban gari na faɗa. Na ambaci sunan Allah. In na janye yau, gobe za su ce haɗa baki muka yi, su koma kanka."

"To su koma."

"Ba ka ga abin da na gani ba! Ba ka ga kanka a jikin ƙarfen nan ba!" Kuka ya ci ƙarfina. "Ka tafi ƙasarku, don Allah. Ka je ka rayu. In san kana wani wuri kana numfashi, ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba."

Papá ya dafa kafaɗarsa. "Tashi mu je a wanke maka ciwon nan." Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya samu abin da yake so tun safe, amma ban ga farin ciki a fuskarsa ba. Ya tallafe shi suka nufi mishan, Tobías na ɗingishi yana waiwaye.

Ina nan zaune Doña Tomasa ta zo ta durƙusa kusa da ni.

"Seño, ki yafe min. Haukan uwa ne. Ki roƙa min Hermano Tobías, ɗan'uwanmu, gafara, ni ba ni da idon da zan dube shi."

Nohemí ta miƙo min hannu kamar yadda take yi a aji. Na karɓe ta na rungume. Gashinta tsaf yake, ko ɓawon masara ɗaya babu. Ta sa baki a kunnena.

"Seño, kada ki faɗa wa Mamá. Ba barci na yi ba. A gidan Don Wilmer nake. Ya kunna min talabijin, ya ba ni alewa, ya ce wasan ɓuya muke yi da kowa." Ta yi 'yar dariya. "Ni na ci, ko Seño?"

Na sake duban gashinta.

Na ɗago kai a hankali. Filin bai watse ba. Maza sun fi ɗari, addunansu a hannu, kunya na cin su, suna neman inda za su sauke ta. Jarkar na nan inda Chepe ya bar ta, ko rabi ba a zubar ba. Igiyar na yashe a gindin ƙarfen.

In na maimaita abin da yarinyar nan ta faɗa, na kuɓuta daga kalmata. Kuma kafin Papá ya dawo daga mishan, da wannan igiyar za su ɗaure Wilmer, babu mai ba shi awa ɗaya.

Yana can tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa. Ya waigo, ya ga bakin Nohemí a kunnena. Murmushinsa ya tsaya cak. Hularsa ta suɓuce daga hannunsa bai ko lura ba.

Doña Tomasa ta taɓa gwiwata.

"Seño, lafiya? Kin yi fari fat. Me ta ce miki?"